Darussan Baba

Kwana bakwai da rasuwar mahaifinta, ta zauna a shagonsa na ɗinki ta rubuta a shafinta cewa gobe za ta sauke darussan daga intanet. Ita ce ta ɗauki bidiyonsa lokacin da idonsa ya fara gazawa, darasi ashirin, tun daga riƙon almakashi har fitar da wuyan riga. Jama'a suka yi ta saya, abin ya riƙe gidan. Yanzu kuwa duk cinikin da ya shigo, sai ta ji kamar muryar mamaci take sayarwa.

Ba ta kai ga ajiye wayar ba saƙo ya shigo.

"Yaya, don Allah kar ki sauke."

Ƙaninta ne, wanda shekara tara da suka wuce ya jefar da almakashi a gaban Baba, ya bar gida bai waiwayo ba.

"Tun bara na saya, ina darasi na huɗu. A nan ko na ɓata yadi ba ya faɗa. Sai in mayar da shi baya, ya sake nuna min."