Nauyin Shara

Tsohuwar ta gama share siton shinkafa, ta tattara abin da ya zube daga buhuna a kwanonta. Za ta fita ke nan, sai magatakardan siton ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mma, ɗora kwanon a sikeli."

Shekara talatin, duk ƙwayar da ta taɓa ƙasa a wannan sito na kasuwar Race Course rabon mai shara ce. Amma tun da mai siton ya kawo kwamfuta, kaya ba sa motsi sai an rubuta inda suka nufa. Jiya ya bugo waya ya ce a riƙa auna shara ana mayarwa.

"To ka rubuta sadaka, ɗana."

Ya duba allon kwamfutar. "Akwai gurbin sayarwa, da na mayarwa, da na abin da ɓera ya ci. Babu na sadaka."

Ta ɗora kwanon. Kilo biyu da rabi, har da tsakuwa.

Ya daɗe yana kallon lambar. Da wannan kwanon ta ciyar da shi da ƙannensa huɗu a unguwar Zango, har ya yi karatun da ya zaunar da shi kan wannan kujera. Sai yau ya san nauyinsa.

Ya juye shinkafar a buhu, ya danna mayarwa.

Mahaifiyar tasa ta goge kwanon da gefen zane.

"Da ka rubuta ɓera," ta ce a hankali. "Shi ai an san da zamansa."