Ranar da Aka Rufe Ɗakin Kati

Ranar Juma'a da safe Babban Likita ya sa hannu a takardar sallamar Baaba mai kati, har da ƙawata sa hannun da wata 'yar wutsiya.

Wata shida ke nan da ya kawo kwamfuta asibitin, ya ce daga yau bayanin majinyaci a na'ura za a rubuta. A taron farko ya buga tebur ya ce duk wanda bai iya ba, ƙofa a buɗe take. Tun daga ranar bai sake jin ƙorafi ba, shi kuwa ya ɗauki shirun nan a matsayin biyayya. Shi kansa da yatsa ɗaya yake latsawa, kamar kaza na tsince tsaba, amma wa ya isa ya faɗa?

Kuma abin ya yi kyau, wallahi. Kowace safiya ya buɗe kwamfutarsa sai ya tarar da bayanan jiya cif, ba gyara. Likitocin da rubutunsu ke sa mai ba da magani kuka, ga su sun koma tsari ɗaya. Da ya zagaya ɗakunansu ya ga madannan kwamfutocinsu fes, wasu ma ba a cire musu leda ba, sai ya yaba musu tsafta.

Ranar Litinin manya za su zo daga ma'aikatar lafiya. In sun gamsu, asibitinsa zai zama abin koyi, shi kuma a tabbatar masa da kujerar da yake riƙon ƙwarya a kanta. Abu ɗaya ke ɓata masa hoto: ɗakin kati, da Baaba a ciki, tabarau a kan hanci, takardu jibge a gabanta, kowa ya tashi ita tana nan.

“Baaba, zamani ya wuce takarda. Ki je ki huta.”

“Likita, ka tabbata?”

“Na tabbata.”

Ta murza yatsunta da suka kumbura, ta yi masa addu'a, ta tafi. Ya ɗan ji tausayinta, na minti biyu.

Litinin ya ci ado, ya tsayar da baƙi gaban babban allo, ya latsa da yatsan nan nasa. Fari fat. Ba bayanan Juma'a, ba na Asabar, ba na Lahadi. Ya sake latsawa. Kunya ta kama shi, tsoro ya bi bayanta.

Ya jawo shugabar nas-nas gefe. “Me ya samu na'urar?”

Ta dubi ƙasa, ta dubi ƙofa, sannan ta yi ta maza.

“Yallaɓai, lafiyarta ƙalau. Mu dai har yau a takarda muke rubutawa, tsoron faɗa maka muka yi. Baaba ce kaɗai ta koya, ita take shigar da na kowa kullum bayan an tashi.”