Shekarar da Kajin NyaMhone Suka Rame

Ƙawata, matso kusa ki ji.

Gondwe ba shi da abin so kamar malam-buɗe-littafin da ke sauka a makiyayar bayan gidansa, can kan tudun Nyika. Ruwan lemo ne masu ɗigon baƙi, ƙarƙashin fiffikensu kamar an ɗiga azurfa. Kullum da hantsi sai ya zauna kan dutse yana kallonsu.

Shekara biyu a jere ba a ga ko guda ba.

Gondwe ya ce ai maƙwabcinsa Chirwa ne, da feshin da yake wa dankali. Ga shi kuwa ɗan Chirwa na neman Tiwonge, 'yar Gondwe, ita ma shi take so.

"Maƙwabci, feshina bai taɓa tsallake rafi ba," in ji Chirwa. "Ko na bi su da gwangwani ne ɗaya bayan ɗaya?"

"Ka dai riƙe ɗanka. Wanda ya kashe min baƙi ba zai zama surukina ba."

Tiwonge ta daina cin tuwon masara.

Uwarta NyaMhone ba ta da yawan magana. Da sassafe takan yi addu'a, ta ɗauki kwano ta zaga makiyaya ta duba ƙananan furanninta masu ruwan shunayya, ta dawo ta ba kaji abinci. Kaf ƙauyen babu kaji masu ƙiba kamar nata. Da rana kuma ta buɗe tsohon littafin makarantar Tiwonge, tana bin baƙi da yatsa, don da kanta ta koyi karatu.

Wata rana ta daɗe a kan shafi guda. Ta rufe littafin a hankali.

"Baban Tiwonge, ka jira damina ɗaya kafin ka yanke magana."

Ya jira. Ruwa na ɗaukewa makiyaya ta cika da fiffike. Gondwe ya yi ta baza labari cewa faɗansa ne ya sa Chirwa ya shiga taitayinsa. Chirwa bai fasa feshi ko sau ɗaya ba, amma ya bar Gondwe da labarinsa, aka ɗaura aure. Ƙorafin 'yan biki ɗaya ne: kajin NyaMhone duk ƙashi.

Dole su rame, ƙawata, ai ni ce NyaMhone ɗin. Shekara biyu ina tsince baƙaƙen tsutsotsi masu ƙaya daga furannina ina zuba musu, sai a shafin nan na gane su ne ke zama malam-buɗe-littafi. Don Allah kada ki gaya wa kowa, balle Gondwe.