Izinin Tashi

Darakta ya buga hatimi, ya miƙa wa mai aikin safiyo takardar izini kamar wanda ya ba ta kyautar gida.

"Ranka ya daɗe, wata takwas ke nan fa," in ji ta.

"Malama, sararin sama ba wurin gaggawa ba ne."

Tun da rani ta nemi izinin tayar da ɗan jirginta maras matuƙi, ta ɗauko taswirar unguwar bakin kogi don a gina magudanai kafin damina. Hukumar kula da jiragen sama kuwa ba ta da fom sai na manyan jirage. Sau uku kwamiti ya zauna a kan layin da ba ta cike ba: yawan kujerun fasinja. A zama na huɗu aka nemi ganin ƙofar gaggawa, a jirgin da bai fi faranti ba.

Washegarin samun izinin ta tayar da jirgin, darakta na leƙen allon da ke nuna hoton ta bayanta. Babu titi, babu kwata, sai jan ruwa da rufin gidaje. Ta gane rufin yayarta da shuɗin tankin da ke kai.

"Hoto ya fita tas," in ji darakta. "Ki turo mana, mu sa a kalandar hukuma."