Famfon Sadaka da Matatar Alhaji

Ka ce ƙwayoyin matatarka na saurin mutuwa, har kana zargin wanda ya sayar maka. Bari ka ji misalin wani mai gyaran famfo, mutum mai taurin kai a kan aikinsa. Wani Alhaji ya kira shi ya haɗa masa matatar ruwa a gida, domin rijiyar burtsatsensa zartsi gare ta, likita kuma ya hana tsohuwarsa shan irin wannan ruwa saboda ciwon ƙoda. A cikin tulun matatar akwai ƙananan ƙwayoyi kamar ƙwan kifi, su ke tsotse zartsin, in sun ƙoshi a wanke su da ruwan gishiri su farfaɗo. Mai gyaran ya ce wanki ɗaya zai kai wata guda. Kwana shida zartsi ya dawo. Ya wanke, ya dawo. Ya zuba sababbi, haka dai. Ran nan Alhaji ya tare shi a ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya ce, "Jabu ka zuba mini." Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, don shekara ashirin sunansa yake ci, ba wani jari gare shi ba.

Bai yi musu ba. Ya san hannunsa, ya san kayansa, saura ya san gidan. Ya duba gishiri, lafiya lau. Ya gwada ruwan rijiyar, zartsin bai ƙaru ba. Sai ya ajiye sifana, ya nemi inuwar darbejiya a ƙofar gidan ya zauna tun hantsi. Can sai ga masu garuwa da kurarsu sun yi layi a wani famfo da ke jikin katanga, bayansu mai wankin mota, bayansa masu buga bulo da durom biyu. Ya bi bututun famfon da ido, ya bi shi da hannu, har cikin gida. Ashe bayan mai gyaran ya gama aikinsa, Alhaji ya sa an ja famfon sadaka zuwa waje, ya kuma ce a haɗa shi bayan matata, wai ba zai ba mutane ruwan da shi ba ya sha ba. Niyya kyakkyawa, amma tulun da aka auna wa mutum tara na gidan shi ke shayar da unguwa har da bulonta, tsohuwa kuwa tana kwankwaɗar zartsi a ɗaki.

Mai gyaran ya raba bututun: wanki da bulo kai tsaye daga rijiya, siririn famfo ɗaya na sha daga matata. Sadaka ba ta tsaya ba, ƙwayoyi suka kai watansu cif. A ƙofar masallacin nan dai Alhaji ya riƙe hannunsa ya nemi afuwa.

To kai ma, kafin ka zagi ƙwaya, je ka bi bututunka. Ruwa ba ya tsami banza.