Ƙarshen Ƙanƙara a Dutsen Sharhabilu

Alhaji Hamma ya goge gilashin wayarsa da hannun babbar riga, ya jingina ta da butar shayi, ya ce kowa ya matso. Bazara ce, Talata Mafara tana ci kamar tanda, amma shi ya yi wa majalisa alkawarin dusar ƙanƙara bayan azahar. Ni ma ina wurin, ko da yake ba wanda ya ba ni kujera, alhali ni kaɗai ne a cikinsu na taɓa kwana Jos da sanyi.

Ba kallo kawai ya tara mutane ba. Hamma yana nema wa ɗansa Sharhabilu auren Murja, 'yar Malam Abdulbasit mai shagon taki. Shi kuwa Malam, tun ranar da aka kawo masa gawar babban ɗansa daga dajin Janbako da sandar kiwo a gefenta, ya rantse 'yarsa ba za ta shiga gidan mai bin shanu ba. Bai yi maganar dukiya ba. Sharaɗinsa ke nan guda.

Hamma ya ce ai an wuce wurin. Shi da kansa ya baro Damaga bayan an kore masa garke, ya sayar da 'yan ragowar da ɓarayi suka raina, ya tura yaron Turai. Ko nono ya daina sha a gaban mutane.

Yanzu Sharhabilu yana wani dutse a arewacin Italiya, inda masu hali ke biya don su zamo daga sama zuwa ƙasa a kan katako. A bakin Hamma, malamin zamiya ne. Hotunan da yake turowa duk iri ɗaya ne: a tsaye, rungume da allon zamiya, cikin jar jaket da ta ɗan fi shi girma. Hamma ya ce malami ba ya wasa a gaban ɗalibai. Kwanan baya ma yaron ya tambayi abin da ake yi wa ƙafar da ta ruɓe saboda tsayuwa cikin laka. Uban ya ce ya sayi takalmi na kirki, ya daina tambayar ƙauye.

Wayar ta yi ƙara. Sai ga shi, da jar jaket ɗin nan da tabarau kamar na mai walda. Aka yi gaisuwa har sai da ya tambayi lafiyar kowa, ban da ni.

"Yau ake rufe dutsen, Baba," in ji shi. "Da safe ƙanƙarar takan daskare kamar siminti, in ka faɗi sai asibiti. Yanzu kuma ta koma kunu."

Ya juya wayar. Farin da ya rage siriri ne, ya yi dauɗa, shimfiɗe tsakanin jar ƙasa kamar tsohon rawani. Duwatsu sun leƙo. Kujerun da ke hawa da mutane a kan waya suna wucewa ba kowa. Wani Bature da 'yar singileti ya zamo da gudu, ya afka kududdufin da ke ƙasa. Majalisa ta kwashe da dariya.

Malam Abdulbasit bai yi dariya ba. Ya matso da fuskarsa.

"To ɗana, in ta narke duka, mi za ka ci?"

"Aiki ba ya ƙarewa a nan, Baba Malam. Ƙasan dutsen ya riga ya yi kore. Ciyawa ce irin wadda ban taɓa gani ba, wallahi, ga laushi ga ruwa."

Muryarsa ta fi daɗi a kan ciyawar nan fiye da duk abin da ya faɗa kan ƙanƙara. Can bayansa wasu ƙararrawa suna kaɗawa a hankali.

"Wannan ƙararrawar ta mi ce?"

Hamma ya riga ɗansa amsawa. "Ta tashi ce, Malam, kamar ta makaranta. Ɗalibai ake sallama."

Malam ya daɗe yana kallon farin dutsen. Babu daji, babu sanda, babu wanda zai tare ka da bindiga. Idonsa ya ɗan kawo ruwa.

"Alhaji, ku turo magabata ranar Juma'a."

Aka shafa fatiha. Sharhabilu ya yi godiya, ya danna wayar da ƙatuwar safar hannunsa, ya ɗora ta a kan wani gungumen shinge. Kiran bai katse ba.

Malam ya ce a kashe, kada a ci wa yaro kati. Hamma ya buɗe hannun riga.

"A'a, ku bari ku ƙara kallon Turai. Wasunku ba za su sake gani ba."

Sai muka ga yaron ya tuɓe jar jaket, ya haɗa da allon da tabarau ya miƙa wa wani Bature, har da ɗan rusunawa. Ya gyara takalman robarsa. Ya juya wa ƙanƙarar baya, ya fuskanci gangare, ya kai tafukansa biyu baki.

Wani irin kira ya fito daga bakinsa, dogo, ya karye a tsakiya, ya sake tashi sama. Mu dai ba mu san shi ba. Amma Hamma ya miƙe tsaye bai sani ba, don kakansa ne ya bar wa ubansa kiran nan, shi kuma ya koya wa yaron a bakin rafin Damaga.

Ƙararrawar ta yi ta matsowa, ta yi ta yawa. Malam Abdulbasit ya laluba takalmansa.

Sannan ɗaliban Sharhabilu suka iso, kuma ta gaban, wata jar saniya mai ƙatuwar hantsa, ta sa harshe ta lashe gilashin wayar.