Reshen Fulawar Kaka

Da la'asar ɗin da za mu bar Wara, Inna ta yanko reshe ɗaya daga fulawar marigayiya Kaka. Sai na ga tana tsinke jajayen furanninsa tana zubarwa. Na fashe da kuka, ina zagaya ta.

"Inna, kin kashe shi!"

"Ke, zamna wuri guda! Hure ƙarhi shika sha. Tohon ga na sama shi ka aika ma gindi abin da ka hiddo saiwa."

Ta soke shi a gwangwani mai ƙamshin lakar bakin tafki, ta miƙo mini.

Reshen ya kama a Yelwa, inda muka koma, har ya wuce katanga. Ni kuwa har yau, duk garin da na sauka, ba na iya kwance kayana duka.